Katkat ko mai jan baya? Neman shawara kan motar ƙasar ƙanƙara

Alhaji Buba (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ya gida, ya ƙarshen damina? Ina da magana da nake so masana mota su sa mini baki. Ƙanena Hamidu yana Kanada, a wani gari da ake kira Sherbrooke cikin lardin Kebek. Ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi, yawanci kuma na dare ne, lokacin da bas ta riga ta daina yawo. Dole sai da mota kafin hunturu ya shigo. Ya turo mini hotunan guda biyu, duka okaziyon, wato na hannu. Ɗaya BMW 328i ce ta 2011, mai jan baya, fes da ita, kujerun fata. Ɗayar Subaru Forester ce ta 2012, an rubuta AWD a bayanta, wato mai jan ƙafa huɗu, ta fi tsada, ta kuma fi cin kilomita. Ni zan cika masa kuɗin, shi ya sa nake so in ji ta bakinku tukuna. Wacce za ta kai shi aiki ta maido shi gida lafiya?

Ammadu (Ngaundare):
Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. Katkat kawai, mai jan ƙafa huɗu. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Mbe ana tafka ruwa ya san ƙafa huɗu ta fi biyu.

Malam Sali, makaniki (Marwa):
Alhaji barka da war haka. Ammadu ka faɗi gaskiya, amma rabinta ka faɗa. A fara rabe abu biyu da mutanenmu ke haɗawa wuri ɗaya.

Katkat ɗin da muka saba da ita, Hilux da Land Cruiser 79, a kan kwalta da baya kaɗai take ja. Sai ka zo taɓo ko yashi ka tura ƙaramar giya zuwa 4H ko 4L, tsofaffin ma sai ka sauka ka murɗa makullin tayoyin gaba da hannunka. Da ka sa, farfelar gaba da ta baya sun zama abu ɗaya, juyi ɗaya suke yi. To a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin hanya. A cikin laka ba komai, taya za ta ɗan zame ta huce. A busasshiyar kwalta kuwa ba inda za ta zame, sai ka ji sitiyari ya yi tauri, mota na tsalle-tsalle, ƙarfe na cin ƙarfe. Shi ya sa muke yi wa direbobi faɗa idan sun fito daga daji suka manta ba su cire ba.

Ita waccan ta Hamidu ba haka take ba. Babu abin da zai sa, babu abin da zai cire. A tsakanin gaba da baya akwai kuloci da ke raba ƙarfi, ya kuma bar kowace taya ta yi juyin da kwana ke nema. Don hanyar da nan kwalta ce tsirara, taku kaɗan gaba ƙanƙara ce, irin wannan ta fi katkat ɗinmu dacewa nesa ba kusa ba. Su ma kala-kala ne. RAV4 da CR-V da gaba suke tafiya, sai wajen tashi ko in taya ta zame su aika wa baya nasa rabon. Subaru kuwa kullum huɗun suna ja.

Nasiru (Jamus):
Baba Sali sannu da ƙoƙari, bayanin ya fita. Amma Baba Alhaji kada a tsorata ka da mai jan baya. A nan Jamus shekara da shekaru tasi Mercedes ce mai jan baya, cikin dusar ƙanƙara take yini tana ɗaukar fasinja. Mutanen Suwidin da suka fi mu sanyi sun hau Volvo 240 daga 1974 har 1993, ita ma da baya take ja. 'Yan sandan Kanada kansu sun daɗe suna sintiri da Crown Victoria, ita ma mai jan baya, har aka daina ƙera ta a 2011. Kuma BMW ba irin tsohuwar 504 fikof ba ce da bayanta ke rawa in ba kaya. Nauyinta kusan rabi da rabi ne tsakanin gaba da baya, ga na'urar da ke kama taya ɗaya-ɗaya da birki in ta ji mota za ta juya. Da taya mai kyau ba abin da zai same shi in sha Allah. Ga ta kuma ta fi araha.

Ammadu (Ngaundare):
Nasiru kai dai son BMW ne ya kama ka tun kana Garwa.

Nasiru (Jamus):
Ina son ta, ban musa ba. Amma duk abin da na faɗa kowa zai iya bincikawa.

Hajiya A'isatu (Montireyal):
Salamu alaikum. Yaya Buba ina wuni, ya su Hajiya da yara? Na ga maganar tun ɗazu ina wurin aiki, sai yanzu na samu zama. Ina roƙon ku ku saurare ni da kyau, domin ran yaro ake magana.

Duk kun tsaya a kan yadda mota za ta tashi. Ni abin da ke hana ni barci a hunturu yadda za ta tsaya ne. Kowace mota, mai jan gaba, mai jan baya, mai jan huɗu, birkinta a ƙafa huɗu yake. Da ka ɗaga ƙafa daga totur ka taka birki, AWD ta gama nata aikin, ba ta ƙara maka komai. Abin da ya rage tsakaninka da motar gabanka roba ce kawai.

Bari in kwatanta muku yadda abin yake. Ka fito da asuba, sanyi ya kai 20 ƙasa da sifiri, hancinka na mannewa in ka ja numfashi. Ka iso mahaɗar hanya inda motoci suka yi ta tsayawa suna tashi har suka goge wurin ya zama sumul yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Ka taka birki, sai ka ji feda tana kakkarwa a tafin ƙafarka, grrr, mota kuma na ci gaba da tafiya a hankali, kana kallon layin tsayawa yana wuce ka. A wannan daƙiƙar ba wanda ke tambayar me aka rubuta a bayan motarka. Kuma duk ranar da aka yi dusar farko, ka bi babbar hanya mai lamba 10 da ta haɗa mu da Sherbrooke, cikin motocin da za ka gani a rami akwai manyan katkat. Dalili kuwa motar ta tashi da su lafiya lau, ba ta nuna musu akwai santsi ba, suka sake jiki suka taka.

Don haka taya ce farko. A Kebek ma ba zaɓi ba ne, doka ce: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole a sa tayar hunturu, wadda ke da tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. In an kama ka babu, tara dala 200 zuwa 300. Robar taya ta yau da kullum tana fara sandarewa da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Ta hunturu tana nan da laushinta, ga ƙananan tsagogi barkatai a jikin zanenta masu cizon ƙanƙara. Kada ma ya jira Disamba. Dusar kan riga dokar zuwa, gareji kuma a Nuwamba cike suke, sai ka yi rajistar rana tun da wuri.

Nasiru (Jamus):
Anti A'isatu ai maganata kika ƙarfafa. Taya ce komai. Mu a nan dokar ba ta da ranar farawa, duk ranar da hanya ta yi ƙanƙara dole a gan ka da ita, in ba haka ba yuro 60. Tun Oktoban 2024 ma sai mai wannan tambarin dutsen suke karɓa.

Hajiya A'isatu (Montireyal):
Nasiru ƙanena ban ce taya ce komai ba, cewa na yi ita ce farko. Hunturunku da namu ba ɗaya ba ne. Mu a Montireyal dusar da ke sauka a shekara ta kai wajen mita 2, Sherbrooke kuma ta fi mu, ga ta gari ne na hawa da gangara. Zan dawo kan wannan.

Mahamat, direba (Njamaina):
Salam ga kowa. Alhaji Buba ranka ya daɗe. Ni aikina ke nan, tuƙa Land Cruiser cikin daji, kuma maganar Hajiya ta shige ni ƙwarai, don mu ma muna da irinta. Wanda ya san baƙar ƙasar nan ta Salamat wajen Am Timan, ko ta tsakanin Waza da Dabanga a gefenku, ya san abin da ruwan farko ke yi mata. Sama ya jiƙe, ƙasa na nan da tauri, sai ta koma kamar an shafa sabulu a faranti. Ka sa 4H mota ta tafi abinta, ka ji daɗi. Ka taɓa birki kaɗan, sai ka ga bayanka ya zo gabanka, mota mai nauyin tan biyu da wani abu ta tafi a karkace ba ta jin sitiyari. Zanen taya ya cika da laka ya toshe, taya ta zama ƙwallo. Nauyin da ke taimakonka wajen tashi shi ne ke tura ka rami wajen tsayawa. Ba banza ba hukuma ke sa shingen ruwa a hanyoyin ƙasa a nan Cadi, a tsare manyan motoci har hanya ta sha iska.

Abin da nake koya wa yaran da ke bina shi ne komai a yi shi da lallashi. Totur da lallashi, birki da lallashi, sitiyari da lallashi, a rage gudu tun kafin kwana ba a cikinta ba. Tambayata Hajiya: mu in za mu shiga yashi wajen Mao mukan rage iskar taya don ta baje. A dusar ƙanƙara ma haka ake yi?

Hajiya A'isatu (Montireyal):
A'a Malam Mahamat, a kan titi ba a ragewa. Sanyi da kansa yana rage iskar, sai ma an riƙa dubawa ana ƙarawa har ta kai abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. A nan so ake taya ta yanka dusar ta samu abin kamawa a ƙasa, shi ya sa wasu ke sa tayar hunturu da ta ɗan fi ta bazara siranta. Amma maganar lallashi, wallahi ita ce dai malaman tuƙi ke faɗa a nan. Bambanci ɗaya: in abu ya taso gabanka ba shiri, motar da ke da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ba a yi mata taka-saki irin na da. Ka danne birki da ƙarfi ka riƙe, ka bar shi ya yi kakkarwarsa, idonka a inda kake so ka bi.

Alhaji Buba (Garwa):
Allah ya saka da alheri, ina biye da ku. To in na fahimta, kuɗin taya huɗu dole ne ko wacce aka saya. Ke nan a cire shi gefe tun kafin a yi ciniki.

Usumanu, dillalin mota (Kusiri):
Haka ne Alhaji. Ni kuma ga inda nawa ya fi ƙarfi. Hotunan da Hamidu ya turo maka na sama ne, kuma motar ƙasar ƙanƙara ba a sama ake duba ta ba. Gishiri suke watsa wa titi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan da ruwa su manne a ƙarƙashin mota wata huɗu, wata biyar, kowace shekara. Motar 2011 ka lissafa hunturu nawa ta sha.

An taɓa sauke wata a Duwala daga can, aka kawo mana nan. Fenti na ɗaukar ido, ciki na ƙamshi. Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi da tocila, na ɗan danna sukudireba a ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, sai ya shige har marfinsa, ɓarɓashin tsatsa ya zubo mini a fuska, ja-ja, yanki-yanki. Bututun birkin baya ya kumbura ya yi ƙuraje, da farce kana ɓamɓaro shi. Irin wannan bututun ranar da ka fi bukatarsa yake fashewa. Motar da a nan Kusiri za ta yi shekara ashirin ƙasanta na nan garau saboda bushewar ƙasarmu, a can shekara goma ta ishe ta.

Don haka duka biyun a ɗaga su sama a gareji, wurin makanikin da ba shi da alaƙa da mai sayarwa. A duba ƙasan ƙofofi, bakin tayoyin baya, ƙarfen da ke riƙe da aksil ɗin baya, bututun birki da na mai, da salansa. In an ga baƙin fenti sabo an fesa a ƙasa, a tambayi abin da aka rufe. Katkat mai ruɓaɓɓen ƙasa ban ba ta sisi ba, gara mai jan baya mai lafiya. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Hajiya A'isatu (Montireyal):
Malam Usumanu ya taɓo wuri. A tambayi mai motar ko yana kai ta feshin man hana tsatsa duk shekara, in yana yi zai nuna rasit. Sannan akwai rajistar gwamnatin Kebek da ake kira RDPRM. Da lambar shasi mai harafi da lamba 17 ake dubawa, a biya ɗan kuɗi kaɗan, a ga ko akwai bashin banki a kan motar. In ka saya da bashi a kanta, bankin na iya zuwa ya ɗauke ta a hannunka ko da ka biya mai ita cas. Rahoton tarihin mota na Carfax kuma zai nuna haɗuran da aka rubuta mata.

Hamidu (Sherbrooke):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yaya Buba ne ya sa aka shigo da ni. Na karanta komai tun daga sama, na gode ƙwarai. Bari in ƙara abin da hoto bai nuna ba. Gidan da nake haya a saman tudu yake, layin kuma ƙarami ne, maƙwabta sun ce sai an gama share manyan tituna motar kwashe dusa ke zuwa mana. Wurin ajiye mota a bayan gida ne, a fili, ba rumfa, kuma daga nan zuwa titi ɗan hawa ne. Ina tashi aiki da sassafe, wani lokaci a kira ni tsakar dare in wani bai zo ba. Gaskiya zuciyata ta fi kwanta wa BMW ɗin, amma abin da kuka ce shi zan bi.

Hajiya A'isatu (Montireyal):
Yauwa, ga abin da na ce zan dawo kansa. Hamidu, da a tsakiyar Montireyal kake, kana fita bayan an share hanya, da na ce maka ko wacce ka samu mai lafiya ka saya. Amma mai fita kafin motar shara, daga layin da ke kan tudu, shi ne ainihin wanda aka yi AWD dominsa. Tashi a kan hawa daga tsaye shi ne wurin da mai jan baya ke shan wuya: tayoyi biyu na juyawa a banza suna goge wurin, na'urar da Nasiru ya ambata kuma sai ta yanke wa inji ƙarfi, ka tsaya cak. Ga kuma tudun dusar da motar shara ke tarawa a bakin kowace mashiga, mai tauri, wani lokaci har gwiwa.

Malam Sali, makaniki (Marwa):
A nan tsayi ke magana. Forester tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 22 ne. BMW ɗin nan a ƙasa take sosai. In cikin mota ya hau kan abu ya zauna, tayoyi sun rasa nauyi, ko ƙafa nawa ke ja ta kafe. Mun sha gani a mayo bayan ruwa ya janye ya bar yashi.

Nasiru (Jamus):
Baba Sali, to a faɗi laifin ɗayar ma don adalci. Mai jan huɗu ta fi kayan lalacewa yawa: farfela, aksil biyu, kulocin tsakiya, kowanne da mansa. Ta fi takwararta mai jan biyu shan mai. Kuma in taya ɗaya ta fashe bayan sauran sun ɗan suɗe, ba a sa sabuwa ɗaya, sau da yawa sai an canza huɗun.

Malam Sali, makaniki (Marwa):
Wannan gaskiya ne ɗana, kuma muhimmi ne. Sabuwar taya ta fi suɗaɗɗiya faɗin zagaye, to sai kulocin tsakiya ya ɗauka kullum wata ƙafa na zamewa, ya yi ta aiki yana zafi har ya ƙone. Hamidu, ka zagaya motar ka karanta tayoyin huɗu: kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zane ɗaya. In ka ga an yi mata haɗe-haɗe, mai ita bai kula da ita ba. Ka samu fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka yi zagaye a hankali, hagu da dama. In ka ji tana tirjewa ko tana ƙwanƙwasa daga ƙasa, ka bar musu abarsu. Sannan injin Forester na 2011 zuwa 2014 an san wasunsu da shan baƙin mai, har ƙara aka kai kamfanin a Amurka a kan haka. Ka zaro sandar awo da kanka, ka nemi takardun juyen mai.

Amma Nasiru, in lissafin aljihu za a yi, taka ba ta tsira ba. Injin 328i silinda shida ne, lita 3, mai kuma mai tsada kamfanin ya ce a zuba mata. Famfon ruwanta na lantarki ne, in ya mutu ba ya sallama, kuma irin injin nan an san shi da yoyon mai ta murfin sama idan ya tsufa. Da tayoyin da ake iya tafiya da su a fashe ta fito, ba ta da safaya. A Marwa ni zan kwance in ɗaura maka da ɗan abin da ya sawwaƙa. A can kuɗin hannun makaniki da awa ake lissafa shi. Yaron da ya fara aiki jiya, yana kuma aiko wa gida, ban so masa wannan ba.

Nasiru (Jamus):
Na ji Baba. Ni dai har yanzu ina kan cewa mai jan baya da taya mai kyau ta fi katkat da tayar banza. Amma maganar tudun gidansa ban da amsarta.

Gwaggo Hawwa (Garwa):
Ni ban san giya ba ban san farfela ba, amma ina da tambaya. Dole ne sai cikin biyun nan? Ɗiyata da ke can ƙaramar Corolla take hawa, ban taɓa jin ta ce ta kwana a hanya ba. Buba, kada son babbar mota ya sa yaro cin bashi.

Hajiya A'isatu (Montireyal):
Gwaggo ina gaishe ki, tambayarki ta fi ta kowa. Corolla, Civic, Mazda 3, duk da gaba suke ja, inji na zaune a kan tayoyin da ke jan, shi ya sa suke kama ƙasa fiye da yadda mutum zai zata. Su suka cika titunan Kebek, tasi ma da yawansu masu jan gaba ne. Ga sauƙin mai, ga kayan gyara ko'ina. Ni ma irinta nake hawa. Da zan jera wa Hamidu: in Forester ta ci jarrabawar gareji kuma kuɗi ya isa har da taya huɗu, ita. In ta faɗi, ya nemi mai jan gaba mai tsabtar ƙasa, ya sa mata taya mai ƙusoshi, wadda aka yarda da ita daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, don tudun nan nasa. BMW ita ce ta ƙarshe a wurina, ba don ba mota ba ce, don hunturunsa na farko ke nan a sitiyari.

In tayar okaziyon zai saya, ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3519 na nufin mako na 35 a 2019. Tsohuwar roba ta bushe ko da zanenta na nan. Zurfin zanen kuma kada ya gaza milimita 4.8 a farkon hunturu, haka ƙungiyar masu motoci ta CAA-Québec ke ba da shawara.

Mahamat, direba (Njamaina):
Hamidu ƙanena, ranar da dusa ta fara sauka ka nemi fili babba da ba kowa, ka taka birki, ka yi kwana, ka ji yadda take zamewa tun ba a kan hanya ba. Hannu ne ke koyo, ba kunne ba.

Hamidu (Sherbrooke):
In sha Allah Yaya Mahamat. Anti A'isatu, farmina na tuƙi na Kamaru fa?

Hajiya A'isatu (Montireyal):
Wata shida na farko bayan ka zauna kana iya tuƙi da shi, daga nan sai na Kebek, kuma namu ba a musanya shi kai tsaye, sai ka yi jarrabawa a SAAQ, hukumar da ke ba da farmi a Kebek. Ka nemi rana yanzu. Ka kuma kira kamfanonin asurans ka ji farashin kowace mota kafin ka biya, don sabon zuwa ba shi da tarihin tuƙi a wurinsu.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonka da girman Allah, tunda a fili za ta kwana. In dusa ta rufe mota, kafin ka tayar da inji ka fara tone bakin salansa. In ya toshe, hayaƙin ciki yake komawa, gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutum na zaune yana jiran mota ta yi ɗumi barci ya ɗauke shi. Ana rasa rayuka ta haka, har da yara. Ka ajiye shebur a but, da burushin share gilashi, da bargo, da wayar haɗa batir, ruwan wanke gilashi kuma mai jure 40 ƙasa da sifiri. Ka sa a gwada batir, ka tambaya ko motar na da wayar ɗumama inji da ake sa wa a soket, ka tambayi mai gidan ko akwai soket a waje.

Alhaji Buba (Garwa):
Innalillahi, wannan na hayaƙin ban taɓa ji ba. Hamidu ka rubuta shi ka manna a sitiyari. Ga abin da na yanke: gobe zan tura kuɗin duba Forester a gareji. Sauran kuɗin na nan hannuna har sai Malam Sali da Usumanu sun ga hotunan ƙasanta sun ce to. In ba ta yi ba, a koma maganar Gwaggo. Kuɗin taya daban zan aiko, kada ka taɓa shi don wani abu.

Hamidu (Sherbrooke):
To Yaya, na gode, Allah ya ƙara girma. Na kira mai motar, ya yarda a kai ta gareji ranar Alhamis da safe.

Malam Sali, makaniki (Marwa):
Ka ce masa kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka sa hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Ka ɗauko mini bidiyon tashin farko, wayar kusa da inji, sannan ka koma baya ka ɗauki hayaƙin salansa. In an ɗaga ta, hoton aksil ɗin baya ta ɓangare biyu nake so, da tocila a kunne.

Usumanu, dillalin mota (Kusiri):
Da ƙasan ƙofofi huɗun. Ka ɗaga kafet ɗin but ma ka ɗauko mini wurin zaman safaya.